Kujerar Darakta a Rajista

A ma'aikatarmu ba sai ka tambayi mutum matakinsa ba. Leƙa ofishinsa kawai ka dubi abin da yake zaune a kai. Masinja benci ne nasa a baranda. Akawu kujerar ƙarfe mai soso, marar hannu. Idan mutum ya ɗan taka sama sai kujerarsa ta tsiro da hannaye, gaba kaɗan ta fara juyawa, in ya kai darakta kuwa sai ta yi tsawo ta wuce kansa, har da matashin ƙeya. Ban taɓa ganin inda aka rubuta wannan doka ba, amma ko mai shara ta haddace ta.

Sunana Suwaiba Yelwa, likitar gashin ƙashi ce ni a ɗan asibitin ma'aikata da ke ƙasan benen. Aikina kullum iri ɗaya ne. Mutum ya shigo dafe da ƙugu, in gasa shi, in murza shi, in koya masa motsa jiki, ya yi mini godiya ya hau bene ya koma kan kujerar da ta karya shi. Kafin wata ya ƙare ya dawo. Na gaji da aikin baban giwa, shi ya sa da na samu damar ƙaro karatu na ce a kan ciwon bayan ma'aikatanmu zan yi bincikena, ko Allah zai sa a daina barin jaki ana dukan taiki.

Na yi watanni ina yawo ofis-ofis da tef ɗin awo kamar tela. In auna tsayin tebur, in auna kujera, in auna daga idon mutum zuwa fuskar kwamfuta, in ɗauke shi hoto ta gefe yana aiki. Wahalar ita ce da an hango ni kowa sai ya miƙe zam kamar ɗan makaranta ya ga hedimasta. In ka tambayi mutum ina ke masa ciwo kuma ya ce Alhamdulillahi. Sai da na koma ba su hoton jikin mutum ina cewa su ɗora yatsa a wurin, sannan gaskiya ta fara fitowa.

Cikin duk waɗanda na auna babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Malam Dallatu. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, akawu a rajista, wato ɗakin da ake ajiye fayilolin ma'aikata. Tun da aka ce a zuba tsofaffin fayiloli cikin kwamfuta, shi aka ɗora wa aikin, don shi ya san kowane fayil da tarihinsa. Daga unguwar Jikwoyi can bayan gari yake fitowa bayan sallar asuba, ya sha cunkoson Nyanya a takure cikin bas, ya zo ya zauna a kan kujerar da sosonta ya mutu tun zamanin soja. Darduma ya ninke ya ɗora a kai. Haka zai wuni, sallah kawai ke tashinsa, sai kuwa in wani babba ya shigo.

Hoton da aka yi masa a asibitin ƙashi ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugunsa ya bulluƙo yana danne jijiyar ƙafar hagu. Likitan can bai ɓoye masa ba. In abin ya ci gaba, kwamitin likitoci zai zauna a kansa a sallame shi daga aiki, alhali saura masa shekara biyu ya yi ritaya.

Ranar da ya kawo mini hoton ya ce, "Ni dai Likita, abu ɗaya nake roƙon Allah. In fita ta ƙofar nan da ƙafata ranar da lokacina ya cika. Kar a ce an sallami Dallatu."

Na ce, "In sha Allahu haka za a yi, Baba."

Abin da ba ya buƙatar sa hannun kowa na gyara masa a take. Na ɗaga masa kwamfutar a kan damin takarda ta daidaita da idonsa, na samo kwali ya riƙa ɗora ƙafa. Amma kujerar ita ce uwar matsalar, ita kuwa sai da izinin na sama.

Sakamakon binciken bai ba ni mamaki ba. Ciwon ya fi tsanani a rajista da sashen kuɗi da wurin masu buga takardu, mutanen da suke wuni a zaune a kan mafi lalacewar kujeru. Daraktoci su ne suka fi kowa lafiyar baya, don su ba su cika zama ba, daga wannan taro sai wancan, daga Legas sai Kaduna. Na gabatar da wannan a gaban shugabannin ma'aikata, aka sha shayi, aka tafa mini. Na ba da shawarar a sayo kujerun da ake iya ɗagawa da saukewa, masu tudun da ke tallafe ƙugu, a ba wa waɗanda suka fi daɗewa a zaune. Aka ce an amince. Na fito ina jin kamar an yi mini bushara da kujerar Makka.

Aka ɗauki lokaci, irin lokacin gwamnati. Wata safiya Magdalene mai kula da sito ta leƙo asibiti. 'Yar Kafanchan ce, ƙawata ce, kuma bakinta ba ya ajiye magana.

"Dokta, kujeran ki ya zo," in ji ta. "Amma kar ki yi murna tukuna."

"Suna ina?"

"Sun tafi sama tun jiya. Fifth floor da fourth floor."

"Rajista fa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta hanyar zuwa wata. "Dokta, wannan kujera yana da headrest fa. Executive ne. Ni in na ba level seven executive chair, kafin azahar query ya same ni. Amma ba a manta da su ba o. Ogas za su ba deputies tsohon nasu, deputies su ba assistants, haka haka zai sauka har ƙasa."

Haka kuwa aka yi, kamar rigar gado a gidan yawa. Kowa ya miƙa tsohuwar kujerarsa ga na ƙasa da shi, aka yi kwana biyu ana jan kujeru a baranda. Kafin abin ya iso rajista ya ƙare. Mista Philip, shugaban ɗakin, shi kaɗai ya samu wata mai hannu wadda ba ta juyawa.

Ni ba na iya haɗiye fushi, a gidanmu ma an san ni da haka. Na hau bene har hawa na biyar da ƙafa, don lif ta lalace, na isa ofishin Alhaji Nababa, Daraktan Mulki, ina haki. Sakatariyarsa ta ce yana da baƙi. Na ce ni ma baƙuwa ce, na tura ƙofa.

Babu kowa a ciki sai shi. Yana tsaye bakin taga yana waya, sabuwar kujerar kuwa tana bayan tebur, baƙar fata sai sheƙi take, an rataya mata babbar riga. Alhaji Nababa mutum ne mai sanyin magana, mai farin gilashi, ya yi karatu a waje kuma ba ya so a manta da hakan. Na jira ya gama.

"Ranka ya daɗe, na zo duba marasa lafiyata ne. Na ji an hawo da maganinsu nan sama."

Ya yi dariya. "Zauna, Dokta. Ki sha ruwa tukuna."

Ban zauna ba. Na maimaita masa abin da na faɗa a taro, wanda shi da kansa ya tafa wa. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne," in ji shi. "Amma ba ni na raba ba, tsari ne ya raba. In na ce a sauke su duka, sauran daraktoci za su ce na ci musu fuska, gobe in na kawo wata takarda babu mai sa mini hannu. Kin san yadda gidan nan yake." Ya dubi kujerar. "Wannan dai tawa ce, ina da iko da ita. Wa ya fi buƙata?"

"Malam Dallatu."

"Dallatu na rajista? Shi ya buɗe mini fayil ranar da na kama aiki." Ya cire babbar rigarsa daga kan kujerar, ya danna ƙararrawa. "A kai masa."

Ban samu abin da na zo nema ba, amma da hanau gara mannau. Masinjoji biyu suka ɗauko kujerar suka biyo matattakala da ita, ni ina bayansu. A kowane hawa sai an leƙo ana tambayar ko lalacewa ta yi.

Rajista dogon ɗaki ne, kantoci cike da fayiloli hagu da dama, teburan akawuna a jere, teburin Mista Philip a can ƙarshe yana fuskantar kowa. Na Malam Dallatu shi ne na farko a gabansa. Da aka shigo da kujerar sai Malam Dallatu ya miƙe tsaye har da gyara hula, kamar Daraktan ne da kansa ya shigo.

"Taka ce, Baba. Daga Darakta."

"Tawa?"

"Zauna in daidaita maka."

Ya zauna a hankali. Na sauke ta har tafin ƙafarsa ya kwanta a ƙasa, na matso da tudun ya shiga kwarin ƙugunsa, na daidaita hannayen da gwiwar hannunsa.

"Koma ciki sosai. Yawwa. Yanzu jingina, ka sake jikinka."

Ya jingina. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya saki wani dogon numfashi, idonsa ya lumshe na ɗan lokaci.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe haka suke ji."

'Yan ɗakin suka yi dariya, ni ma na yi. Na koma asibiti cike da farin ciki, na ce ko mutum ɗaya ne na ceto, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Washegari aka fara tsokana. Matasan akawuna in sun shigo da safe sai su ƙame su ce, "Ranka ya daɗe, Darakta." Mai kawo shayi ya fara tambayarsa ko a kawo da biskit. Wannan duk wasa ne, Malam Dallatu ma yana taya su dariya. Wanda bai yi wasa ba shi ne Mista Philip. Bai ce uffan a kan kujerar ba, kuma mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da can "Baba, kawo fayil kaza" yake cewa. Yanzu sai ya koma, "Malam Dallatu, in ba za ka damu ba, in kana da lokaci." Ni ban san da wannan ba sai daga baya.

Bayan 'yan makonni Malam Dallatu ya shigo asibiti yana jan ƙafar hagu. Na kwantar da shi na ɗaga ƙafar, ko rabin inda take kaiwa a da ba ta kai ba ya cije leɓe. Naman ƙugunsa ya ɗaure tamau kamar igiyar shanya.

"Baba, kana zama a kujerar kuwa?"

"Kullum, Likita."

"Ka ɗauki wani abu mai nauyi a gida?"

"Ko bokiti mai ɗakina Mero ba ta bari in taɓa."

Na rasa gane kan abin. Na koma kan awon da na yi, babu kuskure. Da na yi wa Magdalene ƙorafi sai ta ce, "Ke kina shiga ta ƙofa ne, shi ya sa. Je ki bayan rajista wajen janareta, ki leƙa ta window."

Na je na leƙa. Ga kujerar nan ƙatuwa, ga Malam Dallatu a can bakinta, ɗan wurin da bai fi faɗin tafin hannu ba ya ɗosana a kai. Tsakanin bayansa da tudun da na daidaita masa, yaro zai iya zama. Ya lanƙwasa ƙafafunsa ya toge su a ƙasa don kar tayoyin su gudu da shi, wuyansa ya miƙa gaba wajen kwamfuta. Tsohuwar kujerar duk lalacewarta aƙalla tana tsaye wuri ɗaya, kuma yana zama a cikinta gaba ɗaya. Wannan kuwa tun safe har yamma ƙugunsa ne ke riƙe da shi, yana kuma riƙe da ita. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Na zagayo na kira shi baranda. Na so in yi magana a hankali, amma muryata ta ƙi.

"Baba, so kake ka kashe kanka? Me na ce maka? Kujerar nan in ba a jingina ba, gara benci."

Ya sunkuyar da kai. "Na sani, Likita."

"To don me?"

"Oga Philip yana gabana, fuska da fuska. Kujerata ta fi tasa tsawo, tana juyawa, tasa ba ta yi. In na kishingiɗa a ciki ina kallonsa, me na ce masa ke nan?"

"Ka ce masa bayanka na ciwo."

"Ya sani. Kowa ya sani. Amma sani daban, gani daban. Ga manya suna shigowa neman fayil. Jiya mataimakiyar darakta ta shigo, ita ba ta samu irin wannan ba. Ta tarar da ni na baje a ciki?"

"Ba bajewa ba ne, magani ne."

"Likita, shekara talatin da ɗoriya ina zama a gaban manya. Ko ni kaɗai ne a ɗakin, da na jingina sai in ji kamar wani zai turo ƙofa. Na gwada, wallahi na gwada."

Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Na wuce shi na shiga wurin Mista Philip, na ce ya yi wa Allah ya ce wa dattijon nan ya jingina.

Ya buɗe hannu. "Dokta, ni na hana shi? Baba, please relax. Ka ji daɗin kujeran ka."

Malam Dallatu ya ce, "Na gode, oga." Ya koma ya zauna, ya jingina. Ina fita na zagaya taga, ya riga ya dawo baki.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ari sufana wurin direba na kwance matashin ƙeyar, Magdalene tana bina tana cewa kayan gwamnati ne za a tambaye ta. Kujerar ta rage tsawo, amma har yanzu fata ce, har yanzu tana juyawa, kuma kowa ya san daga hawa na biyar ta sauko. Na ce a juya teburinsa ya fuskanci bango, ya ce ya ba oga baya ya fi muni. Na koma wurin Alhaji Nababa na roƙi a sayo wa Mista Philip irinta. Ya ce an rufe sayayyar bana, kuma in aka ba Philip, me za a ce wa waɗanda suke sama da Philip? Daga ƙarshe na haƙura na ce a dawo masa da tsohuwar kujerarsa, in yi mata sabon soso da kaina, in ɗaura mata matashi.

"Kyautar Darakta ce fa, Likita," in ji Malam Dallatu. "In mayar in ce masa me? Ba na so?"

"Ni zan faɗa masa."

"A'a. Ki rufa mini asiri. Mutumin nan ya tashi daga kan kujerarsa ya ba ni. Ba a yi wa ubana haka ba."

Abin da na iya kawai shi ne na sa shi yin alkawarin zai riƙa tashi yana zagayawa lokaci-lokaci, ya kuma riƙa zuwa asibiti ina gasa shi. Yana zuwa, yana godiya, ƙafar tana ƙara nauyi. Na fara tsanar ganin kujerar nan.

Ranar wata Laraba bayan azahar abin ya faru. Wani darakta ya shigo rajista da kansa yana faɗa a kan fayil ɗin da ya ɓata. Malam Dallatu ya yunƙura da sauri zai miƙe, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa, ya koma zai zauna. Kujerar kuwa da ya saki togewar da ya yi mata ta riga ta gudu baya. Da ƙugu ya sauka a kan siminti.

Mista Philip ne ya zo da gudu ya kira ni. Na tarar da shi kwance tsakanin tebur da kanta, gumi ya jiƙa masa riga, hularsa a gefe. Na hana kowa ɗaga shi har aka kawo gadon ɗaukar marar lafiya. Na tsunkuli babban yatsan ƙafarsa na ce ya ji? Ya ce a'a. Sannan ya dubi daraktan da ke tsaye a kansa ya ce, "Yallaɓai, fayil ɗin yana kanta ta uku, an sa shi a harafin da ba nasa ba ne."

Aka yi masa aiki a asibitin ƙashi. An ceto ƙafar, yana takawa da sanda, amma zama mai tsawo ya ƙare masa. Kwamitin likitoci ya zauna, aka nemi rahotona, na rubuta gaskiya don babu abin da zan rubuta in ba ita ba. Aka sallame shi saura shekara guda da 'yan watanni. Ranar da takardar ta fito na rufe ƙofar asibiti na yi kuka, ban kuma ji kunyar yin sa ba.

Babin ƙarshe na bincikena shi ne inda ake bayyana abin da gyaran ya haifar. Na rubuta yadda aka raba kujerun, da yadda ɗaya ta sauko, da yadda aka zauna a kanta. Malamin da ke duba aikina ya karanta ya ce wannan ba sakamako ba ne, labari ne, mutum ɗaya ba ya zama hujja. Na ce ya ba ni sauran kujerun in kawo masa hujja. Ya bar babin yadda yake.

An yi wa Malam Dallatu walimar bankwana a ɗakin taro. Ya zo da sandarsa, bai daɗe ba. Aka yi jawabai, aka yabi haƙurinsa da ladabinsa, aka ce irinsu sun ƙare. Sai Alhaji Nababa ya tashi ya ce ma'aikata sun yi karo-karo, kuma bisa ga binciken da Dokta Suwaiba ta gudanar, sun ga babu kyautar da ta fi dacewa da lafiyarsa kamar wannan. Aka buɗe ƙofa aka turo sabuwar kujera, irin waccan sak, da matashin ƙeyarta, an ɗaura mata jan zare. Aka tafa. Wasu har suna juyowa suna tafa mini. Magdalene ta danne mini hannu a ƙarƙashin tebur, don ta ga bakina ya fara motsi. Mista Philip ne ya kai kujerar Jikwoyi a bayan motarsa.

Bayan wata guda na je duba shi ranar Asabar. Gidan yana can ciki bayan kasuwa, ɗaki biyu da falo, sai da na ajiye mota a bakin titi na ƙarasa da ƙafa. Matarsa Mero ta tare ni a ƙofa, mace mai fara'a, ta riƙe hannuna da hannu biyu tana ta sa mini albarka.

Yana kwance a falo a kan tabarma, rigingine, da matashi a ƙarƙashin gwiwoyinsa yadda na koya masa. Ya rame, furfurar ta ƙaru. Kujerar tana kusurwa kusa da talabijin, an lulluɓe ta da farin leshi. Ban da ita babu wani abin zama a ɗakin sai tabarmar da yake kai da wata 'yar kujerar tsuguno.

"Maraba da Likita. Ki gafarce ni, ba zan iya tashi da sauri ba."

"Kar ka motsa, Baba."

Na cire takalmi na nufi gefen tabarmar zan zauna.

"A'a, a'a. Mero, jawo wa Likita kujera."

"Baba, nan ma ya isa."

"Ki zo gidana ki zauna a ƙasa? Ga kujera Allah ya ba mu. Tun da aka kawo ta limaminmu kaɗai ya hau, sai ke."

Mero ta yaye leshin, ta turo ta har gabansa, ta kakkaɓe ta da gefen mayafinta. Babu yadda zan yi, na zauna. Na tambaye shi ƙafar, ya ce da sauƙi, yana zuwa masallaci da sanda, sallah dai a zaune yake yi. Ya tambaye ni mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi wa aka ba aikin fayilolin, na faɗa masa, ya ce yaron yana da ƙoƙari amma a riƙa duba masa haruffa. Ya tambayi waccan kujerar. Na ce an mayar mata da matashinta an hau da ita sama. Ya ce haka ya kamata.

"Ban fita da ƙafata ba, Likita," in ji shi, yana kallon silin. "Amma kin yi iyakar yinki. Allah ya sani."

Ina kallonsa daga sama, dattijo sa'an mahaifina kwance a ƙasa kusa da ƙafafuna, ni kuma a kan fata. Mero ta shigo da ruwa da lemo ta ajiye, ta koma kicin. Ya juyo da kai zai ce in sha, sai ya tsaya yana dubana, har ya ɗan murmusa.

"Ki jingina mana, Likita."

Sai a lokacin na lura da inda nake zaune. Na ce to. Na matsa baya har tudun ya taɓa ƙuguna, na ɗora hannu a kan hannayenta, kaina ya sami matashin. Ban kai ga sauke numfashi ba na ji duk jikina ya ƙi. Na sulalo na dawo baki.

Sai ya shiga ba ni labarin wani fayil da aka taɓa nema shekara guda ashe yana cikin motar wani darakta. Haka na zauna ina saurarensa har Mero ta kawo abinci, ƙafafuna a toge a ƙasa don kar tayoyin su gudu da ni.